Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga Mai Girma Gwamnan Jihar Sakkwato: a kai ilimin ciniki ta waya inda albasa da fata suke

Mai Girma Gwamna, Alhaji Ahmad Aliyu Sakkwato,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da muƙarrabanka, ina roƙon Allah Ya yi maka jagora a kan nauyin da Ya ɗora maka.

Ranka shi daɗe, ni ɗan manoma ne daga gabashin jihar nan. Tsakanin fangalin albasa da na tafarnuwa na tashi. Yanzu ina zaune cikin birni ina koyarwa, ina kuma taimaka wa 'yan uwana na ƙauye wajen sayar da amfanin gonarsu ta waya. Na rubuto a fili ne saboda maganar ta shafi mutanen da ba za su taɓa samun hanyar shiga gidan gwamnati ba, kuma ina so su ma su ji abin da aka roƙa da sunansu.

Zancen kasuwanci ta intanet ya cika bakin hukumomi a 'yan shekarun nan. Gwamnatin tarayya ta fito da shirin 3MTT a 2023 domin koya wa matasa miliyan uku aikin kwamfuta, hukumar bunƙasa fasahar zamani ta ƙasa, NITDA, ma tana ta nata horarwar. Abin so ne. Sai dai duk lokacin da aka tayar da zancen, wanda ake hangowa shi ne ɗan jami'a da kwamfuta a cinya. Ba a cika tunawa da mai albasa na Wurno ba, ko majemi, ko matar da ke soya ƙuli-ƙuli a cikin gida a Gwadabawa. Alhali waɗannan ne ke riƙe da tattalin jihar, kuma su ne rahoton Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa na watan Nuwamban 2022 ke nufi da ya ce kusan mutum 91 cikin 100 a jihar Sakkwato suna fama da talauci ta fuskoki daban-daban, adadin da ya fi na kowace jiha. Mutanen nan ba ragwaye ba ne. Suna noma damina, suna noma rani, suna jima, suna ƙira, suna saƙa. Inda ake kayar da su shi ne wajen sayarwa. Roƙona guda ne: duk abin da gwamnatinka za ta kashe a kan wannan fanni, a fara kai shi bakin gona da bakin kasuwa, a kuma auna nasararsa da abin da ya ƙaru a aljihun mai kaya.

Mu ɗauki albasa, tunda da ita aka san mu a kasuwannin ƙasar nan har da na maƙwabta. Manomi a fadamar Rima, daga ƙasan madatsar ruwa ta Goronyo zuwa Wurno da Kware, zai yi reno, ya dasa, ya shafe wata uku ko huɗu yana ban ruwa. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023, injin ban ruwa ya koma cin kuɗi fiye da yadda aka saba, ga taki, ga magani. Da yawa da bashi suke kai ga cira. Cirar kuma kusan lokaci guda take zuwa wa kowa, daga ƙarshen sanyi zuwa shigowar bazara, sai kasuwa ta cika, farashi ya zube. A daidai wannan gaɓar mai saye yake isowa har bakin gona. Shi da asuba ya riga ya yi waya da yaronsa a Mile 12 ta Legas, ya ji na Bodija a Ibadan, ya ji na Anaca. Ya san nawa buhu ya kwana, ya san motoci nawa ke kan hanya. Manomi kuwa abin da ya sani shi ne mai bashi yana jiransa. Haka za a yi ciniki tsakanin mai ido da wanda aka rufe wa ido, a ce an yi da yardar juna.

Addininmu bai bar wannan a buɗe ba. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana a tare fatake a hanya a saye kayansu kafin su iso kasuwa su san farashi. Malamanmu suna karantar da wannan a zaure. Hikimar a bayyane take: kada a ci mutum da rashin saninsa. To yau ga waya a hannun kusan kowane magidanci, wadda za ta iya kai masa labarin kasuwa kafin mai saye ya iso.

Kada a fahimce ni da cewa dillali abokin gaba ne. Na san abin da suke ɗauka. Su ke ba manomi rance lokacin da babu bankin da zai saurare shi, su ke ɗora kaya a mota tafiyar fiye da kilomita dubu, su biya abin da ake biya a shingayen hanya, idan mota ta lalace albasa ta ruɓe su asarar take hawa. Duk shirin da aka gina a kan a kore su daga kasuwa zai rushe, domin aikin da suke yi dole wani ya yi shi. Abin da nake nema shi ne manomi da dillali su zauna ciniki kowa ya san farashin ranar.

Hanyar yin haka ba ta da nisa. A sa malaman gona na hukumar bunƙasa aikin gona ta jiha, ko matasan da aka horar, su riƙa ɗauko farashin albasa, tafarnuwa, tattasai, gero, wake, shinkafa da dabbobi daga kasuwannin Kara, Acida, Goronyo, Illela, Gada, Bodinga da Tambuwal, a haɗa da na Dawanau a Kano da manyan kasuwannin kudu inda 'yan jihar nan suke zaune suna kasuwanci. Kowace safiya a karanta a Rediyon Rima da sauran tashoshi, a tura shi a saƙon murya ta WhatsApp, a kuma buɗe lambar da mai ƙaramar waya zai kira kyauta ya saurara. A haɗa masa da hasashen yanayi da hukumar NiMet ke fitarwa, domin sanin lokacin saukar ruwa da ɗaukewarsa ya shafi shuka da ajiya baki ɗaya. Na nace a kan murya ne saboda dattawanmu da yawa ajami suke karantawa, rubutun boko a fuskar waya ba ya yi musu amfani. Sharaɗi ɗaya ne: farashin ya zama gaskiya, ya kuma zo kullum. Ranar da manomi ya gane an karanta masa na makon jiya, ya daina saurare ke nan.

Sanin farashi kuma ba ya wadatarwa ga wanda ba shi da ikon jira. Albasar da aka zubar da arha lokacin cira ita ce ke yin tsada bayan damina. Rudun ajiyar albasa da muka gada yana ƙoƙari, amma zafi da danshi suna cinye kaso mai yawa. Idan ƙungiyoyin manoma suka samu rumbunan ajiya masu shan iska, aka riƙa rubuta abin da kowa ya ajiye a ba shi shaida ta waya, wannan shaidar za ta iya zama jingina ya karɓi ɗan rancen da zai sallami mai bashi, ya bar kayansa sai kasuwa ta farfaɗo.

Yanzu ga inda na fi son a tsaya, domin a nan ne cinikin nesa yake rayuwa ko ya mutu. Mai saye a Fatakwal ba zai iya zura hannu cikin buhu ba. Hoto kawai yake gani, sai maganarka. A yau buhun albasa ba shi da ma'auni guda: na wannan kasuwa daban, na waccan daban, wani a yi masa hula, wani a ɗinke bakinsa. Akwai kuma ɗabi'ar da dole mu faɗa wa kanmu gaskiya a kanta, ta jera manya a sama a cusa ƙanana da masu tabo a tsakiya. Wanda aka yi wa haka sau ɗaya ba ya dawowa, kuma ba sunan mutum ɗaya yake ɓatawa ba, cewa zai yi 'yan Sakkwato sun cuce shi. Mun san hadisin da Annabi ya sa hannu cikin tarin abinci ya ji danshi a ƙasa, ya ce wanda ya yi algus ba ya cikinmu. Mun kuma san sharaɗin da ya gindaya wa mai biyan kuɗi kafin karɓar kaya: mudu sananne, nauyi sananne, lokaci sananne. Waɗannan su ne ƙa'idojin cinikin intanet tun kafin a san za a yi intanet.

Don haka ina roƙon a sa sikeli a manyan kasuwannin amfanin gona, a tsayar da nauyin buhu, a raba kaya daraja-daraja: manya, matsakaita, ƙanana. Kowane buhu ya fita da alamar ƙungiyar da ta cika shi da lambar wayarta, yadda in an samu matsala za a san ƙofar da za a ƙwanƙwasa. Wannan ba aikin da ma'aikaci zai zauna a ofis ya yanke ba ne. Sai an zauna da sarakunan kasuwa, da ƙungiyar manoma da 'yan kasuwar albasa wadda ke da ƙarfi a jihar nan, da uwayen ƙasa, a nemi albarkar Majalisar Mai Alfarma Sarkin Musulmi, limamai su ɗauki maganar zuwa mumbari. Manomi zai karɓi sikeli daga hannun sarkin noman garinsu fiye da yadda zai karɓa daga baƙon da ya sauko daga mota.

Sai biyan kuɗi. Ba wanda ya manta watannin farko na 2023, lokacin canjin takardun naira, da mutumin ƙauye ya riƙa kai akuyarsa kasuwa ya sayar a wulaƙance ga duk wanda ke da tsabar kuɗi, saboda shi ba shi da asusun da za a tura masa. Wannan wahalar ta tura mutane da yawa buɗe asusu, masu POS suka bazu har ƙananan garuruwa. Amma an shiga ruwan ba a koyi iyo ba. Ina da kawu da aka loda wa albasa mota, aka nuna masa saƙon shigar kuɗi a waya, sai da ya je cira washegari ya tarar babu ko kwabo. Wani kuma kiransa za a yi a ce daga banki ne, ya karanto lambar BVN da lambar sirrinsa. Dattijo zai miƙa wa yaro katinsa ya faɗa masa lambar sirri da ƙarfi a tsakiyar kasuwa. Duk wanda aka yi wa irin wannan ba shi kaɗai ke gudun waya ba, garinsu gaba ɗaya ke ja da baya. Saboda haka darasin farko da ya kamata a koyar shi ne tsare kai: yadda za ka duba ragowar kuɗinka da kanka kafin ka saki kaya, abin da ba a faɗa wa kowa ko da ɗan cikinka ne, da inda za ka kai ƙara nan take. A kuma yi magana da bankuna da kamfanonin tura kuɗi su samar wa ƙungiyoyi tsarin da kuɗin mai saye zai tsaya a hannun amintacce har kaya su isa, sannan a saki. Mutanen Kenya da ƙananan wayoyi suka fara tsarin tura kuɗi na M-Pesa a 2007, babu intanet a cikinsu. Abin da ya ɗaga tsarin shi ne wakilai amintattu a kowane lungu, waɗanda mutane suka sani da fuska.

Ranka shi daɗe, duk wannan magana tana kan sabis. Akwai garuruwa a Tangaza, Gudu, Isa da Sabon Birni inda sai mutum ya nemi tudu kafin ya yi kira, a bakin iyaka kuma wasu da layin Nijar suke dogaro. A watan Satumban 2021 da aka rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 14 saboda matsalar tsaro, mun ga yadda ciniki ya tsaya cik, mutane suka riƙa tafiya mai nisa don kawai su ji ko kayansu sun isa. Kamfanonin waya ba sa kafa ƙarfen sabis inda ba su hango riba ba, shi ya sa dokar sadarwa ta 2003 ta tanadi asusu na musamman a ƙarƙashin hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, domin kai sadarwa yankunan da aka bari a baya. Jiha tana iya tattara sunayen garuruwan da ba su da sabis ta bi musu haƙƙinsu a can, ta ba da fili da tsaro. A 2020 gwamnoni sun amince kuɗin shimfiɗa wayar intanet a ƙarƙashin ƙasa kada ya wuce naira 145 a kan kowace mita, jihar Kaduna ma ta yafe shi gaba ɗaya. Duk wani haraji da ya rage a kan wannan aiki a jiharmu ya cancanci a sake dubansa. Cajin waya ma matsala ne inda babu lantarki, ga shi kuwa Allah Ya hore mana rana, ga cibiyar binciken makamashi a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo wadda ta daɗe tana aiki a kan hasken rana. Rumfa ɗaya mai faifan sola a kowace kasuwa za ta ɗauki caji, sikeli da POS a wuri guda.

Wa za a koyar? Na ga yadda ake yin irin wannan horo a wurare da dama: a tara mutane kwana biyu a babban ɗakin taro cikin birni, a yi jawabi da Turanci, a raba takardar shaida, wani lokaci da waya ko kwamfuta, a watse. Ba a jima ba kayan sun koma kasuwa, domin wanda aka ba ba shi da abin sayarwa, mai abin sayarwar kuma ba a gayyace shi ba. Wannan yana ci mini rai, saboda kuɗin jama'a ne kuma buƙatar tana nan. Tsarin rabon taki ta waya da aka fara a 2012 zamanin minista Akinwumi Adesina ya nuna cewa ana iya isa ga ƙaramin manomi kai tsaye, ya kuma nuna cewa inda babu sabis ko aka rubuta sunan da ba na manomi ba, shirin yana tsallake mai haƙƙi.

Ba dole ne kowane manomi ya iya sarrafa babbar waya ba. Dattijo mai shekara sittin ya riƙe sanin ƙasa da iri da ruwa, wannan ya ishe shi. Abin da yake buƙata shi ne yaro ɗaya amintacce a ƙungiyarsu, ɗan garin, wanda su da kansu suka zaɓa ba wanda aka aiko da sunansa daga ofishin jam'iyya ba. A koya wa yaron ɗaukar hoton kaya da hasken rana ba tare da ƙawata ƙarya ba, rubuta bayani da nauyi da farashi, amsa wa mai saye cikin ladabi da sauri, ajiye lissafin shiga da fita, ɗaure kaya, da bin sawun mota har ta sauke. A koyar da shi da Hausa, a cikin kasuwa, ranar kasuwa, da irin wayar da zai ci gaba da riƙewa, a kan kayan gaske da ake son sayarwa a ranar. Ladansa ya fito daga la'adar abin da ya sayar, yadda ba zai zauna jiran alawus ba. Masu koyarwar muna da su: ɗaliban Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, Jami'ar Jihar Sakkwato, Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Umaru Ali Shinkafi, kwalejin aikin gona ta Wurno, da masu yi wa ƙasa hidima. Yaron da ya samu wannan sana'a a garinsu ya rage dalilin tafiya ci-rani.

Maganar mata ta fi ƙarfin a ratsa ta a gurguje. A kusan kowane gida a karkarar jihar nan akwai sana'a: man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, daddawa, fura, saƙar faifai da tabarma, ɗinkin hula, turaren wuta, kiwon tumaki da kaji. Matar tana cikin gida, kasuwarta kuma tana kan 'yarta. Yarinyar da ya kamata a ce tana aji ita ce ke yawo da tire a tasha har dare, kuma duk mun san abin da ke iya samun ta a can. An yi shekaru ana wa'azi a kan talla, amma uwa ba za ta daina ɗora wa 'yarta ba sai ta samu wata hanyar da kayanta za su fita. A cikin birni na ga matan aure suna sayar da kaya daga ɗakinsu ta WhatsApp da Facebook, mai Keke ko ɗan acaɓa ya kai, kuɗi ya shigo asusu, ba su taka ƙofar gida ba. Abin da ya rage shi ne wannan ya isa ƙauye. Ba sai mun aro tsari daga wata ƙasa ba. A ƙasar nan Nana Asma'u 'yar Shehu ta kafa 'Yan Taru: ta zaɓi dattawan mata masu mutunci, ta naɗa kowaccensu jaji, wato jagora, ta koyar da su, su kuma suka riƙa kai karatu ga matan ƙauyuka har cikin gidajensu, da harshen da suke ji. A yau ma mace ce za ta shiga wurin mace. A horar da malaman Islamiyya mata, ungozomomi da shugabannin adashi, su shiga gida-gida da yardar masu gida, su koya wa mata buɗe asusu da sunansu, karɓar kuɗi, tallata kaya ba tare da nuna fuska ba, da kare kansu daga masu shigowa da wata manufa. Hukumar zakka da waƙafi ta jiha, wadda ta saba ba mata jari, tana iya haɗa jarin da wannan koyarwa.

Ga kuma fata. Jar akuyar Sakkwato tana cikin masu fata mafi daraja a duniya. Ƙarnuka da suka wuce fatake suka riƙa ratsa Sahara da ita, Turawa suka same ta a hannun 'yan kasuwar arewacin Afirka suka laƙaba mata sunan Maroko, suna yi wa littattafansu masu tsada bango da ita. Har yau labarin bai canja sosai ba: ɗanyar fata tana barin jihar nan zuwa masana'antun jima na Kano, daga can ta wuce Italiya da Sifen, a yi jaka da takalmi da ita a buga sunan wasu. Majemanmu da ke jima da bagaruwa, da dukawan Madunka masu alabe, matashin fata, kube da kayan doki, suna zaune suna jiran wanda zai biyo ya taya. A nan ne cinikin intanet ya fi dacewa, domin kayan fata ba sa ruɓewa a hanya, ba su da nauyi, kuma akwai masu neman aikin hannu a Abuja, Legas da ƙasashen waje waɗanda za su biya da daraja. Abin da ke hana su dawowa sanannu ne ga duk wanda ya gwada: warin jimar da ba ta kammala ba, zif mai saurin lalacewa, girman da ba ya zuwa daidai idan aka ce a yi guda hamsin iri ɗaya. Duk abubuwan gyarawa ne. A haɗa dukawa da masu zanen kaya na zamani, a samar musu wurin ɗaukar hoto na haɗin gwiwa, a yi wa kayan tambarin Sakkwato wanda ba a bugawa sai a kan abin da ya cika sharaɗi, a nemi hukumar bunƙasa fitar da kaya ƙasashen waje ta nuna musu hanyar takardu. Maƙeran Assada, masu sassaƙar ƙwarya da masu kilishi su ma su shiga. Masu kayan ci suna buƙatar lambar NAFDAC, kowa kuma yana buƙatar rajistar sunan kasuwanci. Tebur ɗaya a sakatariyar ƙaramar hukuma da zai taimaka da cike waɗannan takardu zai ɗauke musu wahalar zirga-zirga.

Kaya ba sa bin iska su isa. A yau ta tasha ake aikawa: ka ba direba, ka ba mai karɓa lambarsa, ka yi addu'a. Tsarin yana aiki, rauninsa shi ne babu rasit, babu wanda zai biya idan kaya sun ɓata. A zauna da ƙungiyoyin direbobi da hukumar gidan waya a tsayar da rasit da farashi sananne, a ware wurin tara ƙananan saƙonni a kowace babbar kasuwa yadda mota ɗaya za ta kwashe na mutum ashirin. Babbar hanyar Sakkwato zuwa Badagry da aka ƙaddamar da aikinta a Illela a watan Oktoban 2024 za ta rage nisa idan Allah Ya sa an kammala. Ya kamata ta tarar da mu da kayan da aka auna, aka ɗaure, aka san mai su.

Ba zan rufe ido a kan tsaro ba, domin daga yankin da abin ya fi shafa na fito. Wanda 'yan bindiga suka hana zuwa gonarsa ba shi da abin da zai ɗauka hoto. Tura kuɗi ta waya yana rage haɗarin tafiya da damin kuɗi a hanyar Goronyo ko Sabon Birni, wannan gaskiya ne. Amma bayanan wanda ya sayar da buhu ɗari, da sunansa da garinsu, idan suka faɗa hannun masu kai wa 'yan bindiga rahoto, sun zama tarko. Duk rajistar da za a yi a tsare ta sosai, tallan kuma ya fita da sunan ƙungiya ba na mutum ɗaya ba.

Mai Girma Gwamna, ban roƙi a game ƙananan hukumomi 23 a lokaci guda ba. A zaɓi kasuwanni uku ko huɗu na albasa da tafarnuwa, da shiyar dukawa ɗaya a cikin birni, da ƙungiyoyin mata a garuruwa kaɗan. A sa wa aikin layinsa a kasafin kuɗi, a ɗora shi a wuyan jami'i ɗaya da za a iya tambaya, ma'aikatun gona, kasuwanci da fasahar zamani su yi aiki tare a ƙarƙashinsa. A rubuta nawa manomi ke sayar da buhu kafin a fara, a sake rubutawa bayan kaka ɗaya, a karanta sakamakon a rediyo kowa ya ji, ko ya yi daɗi ko bai yi ba. Sanarwar farashi ta kullum kuwa ba ta jiran gini ko kwangila. Ina roƙon a fara ta kafin cirar albasa mai zuwa.

Allah Ya taimake ka, Ya zaunar da jiharmu lafiya.

Wassalam.

Naka,
Ɗan manoman albasa daga gabashin Sakkwato